Biki Ya Zo, Kai Kuma Ka Daina Shaye-shaye

Katin gayyata yakan tayar wa wanda ya daina shan kodin ko tiramadol hankali fiye da yadda danginsa suke zato. A ƙasar Hausa ba a ƙin zuwa biki haka kawai. Idan ba a ga fuskarka a auren ɗan baffanka ba, za a yi ta magana har shekara. Ga shi kuma a irin wannan taro ne da yawa daga cikin matasanmu suka fara kurɓa, a ɗakin abokan ango, ko bayan rumfar kiɗa, ko cikin mota a hanyar kai amarya. Abin bai tsaya kan maza ba. Binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya yi tare da hukumar ƙididdiga ta Najeriya a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 ne ke ta'ammali da ƙwayoyi a ƙasar, kuma ɗaya cikin huɗu mace ce. A shekarar ce gwamnati ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin, bayan rahoton BBC da ya tona yadda ake sayar da shi ta bayan fage. Hanin bai kwashe kwalaben daga gidajen biki ba, juye su ake yi a robar lemo.

Ya kamata mai murmurewa ya san abin da ke faruwa a jikinsa. Ƙwaƙwalwar da ta saba da ƙwaya tana haɗa ta da wuri, da fuskoki, da kiɗa, har da ƙamshi. Mutum zai yi wata shida lafiya lau, sai ya ji waƙar da suka saba ji a majalisa, ya ga tsohon abokin sha, nan take maƙogwaro ya bushe, zuciya ta hau bugawa. Wannan ba ya nuna tubarsa ta ƙarya ce. Irin wannan sha'awa takan taso ta yi ƙarfi, sannan ta lafa, yawanci cikin rabin sa'a, in dai an bar wurin da ya taso da ita. Shi ya sa fita waje, ko yin alwala, ko kiran wani a waya, yake da amfani ƙwarai.

Shawarata ita ce a rarraba bikin. Bikinmu ba zama ɗaya ba ne: akwai ɗaurin aure, akwai walima, akwai kamu da wuni, akwai kuma dina da casun dare. Haƙƙin zumunci yana sauka ne a ɗaurin aure da walima, da rana tsaka, gaban iyaye da malamai. Ka je da wuri, ka gaida manya, ka yi wa ango Allah ya sanya alheri, ka ci abinci, ka kama hanya. Babu wanda zai ce ka yanke zumunci don ba a gan ka a filin rawa ƙarfe sha biyun dare ba. Ke ma ’yar’uwa, ki yi ankonki ki je wuni, amma ɗakin da ƙawaye suke kullewa da sunan kwalliya, in kin san abin da ake yi a ciki, ki zauna wajen gwaggonni. A watannin farko ma, idan taron na tsofaffin abokan sha ne zalla, aika gudummawa da ba da haƙuri ya wadatar.

Kada ka je kai kaɗai. Ka tafi da mutum ɗaya da ya san halin da kake ciki, wanda in ka ce masa “mu tafi” ba zai tsaya tambaya ba. Kuɗin keke napep ɗinka su kasance a aljihu, domin wanda ya jingina da motar abokai sai sun tashi zai tashi. Ruwanka ko lemonka ka buɗe da hannunka, wanda aka miƙo a buɗe ka bar shi. Kada kuma ka shiga taro da yunwa ko gajiya ko ɓacin rai, don a lokacin ne “haba mutumina, yau ɗaya dai” take samun shiga. Amsarka ta zama gajera: “Na daina.” Dogon bayani ƙofar ciniki yake buɗewa.

Wannan “yau ɗaya” ita ce ta fi ba ni tsoro. Kodin da tiramadol suna rage numfashi. Wanda ya daɗe bai sha ba, jikinsa ya rasa juriyar da yake da ita a da, amma hannunsa bai manta adadin da ya saba ba. Kwalba biyun da yake shanyewa bara yana tafiya da ƙafarsa, bana tana iya tsayar masa da numfashi, musamman in an haɗa da roci ko giya. Tiramadol kuma tana jawo jijjiga irin ta farfaɗiya. Duk wanda aka ga ya sheme a taro, numfashinsa na fita da ƙyar, asibiti za a kai shi nan take, kada a shimfiɗe shi a ɗaki wai barci zai warware.

Masu biki da dangi su ma da nasu. Yaron da ya dawo daga jinya bai kamata a riƙa nuna shi da baki ana “ga ɗan ƙwayan nan” ba, kunya irin wannan tana mayar da mutum wurin waɗanda ba sa yi masa gori. A ba shi aiki: rabon abinci, tarbar baƙi, shimfiɗa tabarmi. In ya ce zai tafi da wuri, a sallame shi da fara'a.

Idan kuma an zame, kada a ɓoye. Cibiyar binciken shaye-shaye ta Amurka ta ƙiyasta cewa kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari na masu jinya sukan koma aƙalla sau ɗaya, kusan yadda masu hawan jini suke yi da maganinsu. Washegari a faɗa wa likita ko amintaccen mutum. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna da Kware da Maiduguri, akwai na Dawanau a Kano, hukumar NDLEA kuma tana da layin neman taimako na kyauta da ake kira dare da rana.