«Superlative»: kalmar Ingilishi mai nuna wanda ya fi kowa

A watan Maris na 2025 ne aka sanya hannu a kan kundin sake gina ƙasar Nijar, wanda ya ɗora Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya kuma ajiye Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki. Saboda haka darasin Ingilishi ya wuce abin da yaro zai yi wa riƙon sakainar kashi a koleji. A wannan fitowa mun ɗauko kalma guda wadda ɗalibi ke cin karo da ita tun shekarunsa na farko a darasin, wato «superlative», domin mu warware ma'anarta da yadda masu harshen suke aiki da ita.

Wanda ya yi lakwal ba zai ji ta baƙuwa ba, domin ita ce «superlatif» ta Faransanci, kuma ta hannun Faransanci ta shiga Ingilishi wajen ƙarshen ƙarni na 14. Asalinta Latin ne: «super», wato bisa ko sama da, da «latus», wato abin da aka ɗauka. Ma'anar ita ce abin da aka ɗaga aka kai sama da saura. Abin lura shi ne masana balaga na Rum suna kiran kambama zance «superlatio». Ke nan tun daga tushe kalmar tana ɗauke da fuska biyu, fifiko na gaskiya da kuma zuzutawa, kuma har yau Ingilishi bai raba ta da su ba.

A nahawu, siffa tana da mataki uku. Na farko shi ne siffar kanta, kamar «tall», dogo. Na biyu shi ne kwatanta abu biyu, «taller», ya fi tsawo. Na uku, wanda shi ne «superlative», yana fitar da guda daga cikin taro: «the tallest», wanda ya fi kowa tsawo. Gajeriyar siffa mai gaɓa ɗaya tana karɓar ɗafa-ƙeyar «-est», doguwa kuma ana sa mata «most» a gaba, kamar «the most beautiful», wadda ta fi kowa kyau. Masu gaɓa biyu su ne masu rikici: «happy» tana komawa «happiest», «careful» sai da «most», ita kuwa «clever» tana karɓar kowanne. A wajen rubutu «big» tana ninka baƙinta na ƙarshe ta zama «biggest». Akwai kuma ƴan tawaye waɗanda sai dai a hardace su: «good» ta zama «best», «bad» ta zama «worst», «little» ta zama «least».

Mu Hausawa ba ma taɓa jikin siffa, da aikatau muke yin wannan aiki. Muna cewa Audu ya fi Sani tsawo, in kuma muna nufin matakin ƙoli sai mu ce ya fi kowa, ko mu ce mafi tsawo. Bafaranshe yana ƙara «le» ne a gaban «plus». Wanda ya yi karatun nahawun Larabci a zaure zai tuna da ismut tafdili, irin su akbar da afdal da ahsan, inda siga ɗaya take ɗaukar mataki na biyu da na uku gaba ɗaya, sai zubin jimla ya bambance su. Ingilishi ya ware wa kowane mataki tasa siga, kuma a nan ne ƴaƴanmu suka fi tuntuɓe. Yaron da «le plus grand» ya zauna masa a kai sai ya rubuta «the most big», ko ya haɗa biyun ya ce «the most biggest». Malami zai ja masa jan biro, da gaskiyarsa. Amma mu faɗa wa yaron, don ya samu sanyin zuciya, cewa Shakespeare da kansa ya haɗa «most» da «-est» a wasansa na Julius Caesar wajen 1599. A zamaninsa ba laifi ba ne, daga baya ne masu nahawu suka hana.

Ƙananan abubuwa biyu suna cin maki a jarrabawa. In mutum biyu ne kawai, ƙa'idar makaranta ta fi son «the taller of the two». Sannan bayan «one of the best» sunan da zai biyo jam'i ne. Haka nan «a most interesting book» littafi ne mai daɗin karatu ƙwarai, babu gasa a ciki, daidai da abin da Faransanci ke kira «superlatif absolu».

A wajen aji kuwa kalmar tana da wata rayuwa. In jarida ta ce ɗan wasa ya yi «a superlative performance», tana nufin ya yi bajintar da ba ta da na biyu. In aka mayar da ita jam'i, «superlatives», to kalmomin yabo ne masu kai abu ƙololuwa, kuma sau da yawa akwai ɗan zunɗe a ciki. Wanda aka ce yana magana «in superlatives», an ce ne komai a bakinsa ya fi komai, kamar maroƙi a gidan biki. A makarantun sakandare na Amurka akwai al'adar da suke kira «senior superlatives», inda ƴan ajin ƙarshe ke zaɓen wanda ya fi barkwanci ko wanda ake ganin zai fi yin nasara a rayuwa, a buga a littafin tunawa na shekara. Shi kuwa zakaran dambe Muhammad Ali, laƙabin da ya bi shi har rasuwarsa a 2016, «The Greatest», siga ce ta wannan mataki.

Kalmar har sunan kamfani ta zama. Littafin nan na Guinness mai tattara bajintocin duniya, wanda ya fara fitowa a 1955 a hannun tagwaye Norris da Ross McWhirter, kamfanin da aka kafa don buga shi sunansa Guinness Superlatives. Gardama ce ta haife shi, a kan wane tsuntsun farauta ya fi gudu a Turai, kuma aikinsa shi ne ya sa ma'auni a bayan kowace «-est». Wannan ita ce gaɓar da muka fi so mai karatu ya riƙe: mataki na uku ba ya tsayawa sai an san a cikin wa aka fi, da kuma da me aka auna. Dutsen Everest, mai mita 8,849 bisa awon da Nepal da Sin suka sanar a 2020, shi ne «the highest», wanda ya fi nisa daga fuskar teku. Amma in daga gindi za a auna zuwa ƙololuwa, Mauna Kea na tsibirin Hawai ya haura mita 10,000, sai dai fiye da rabinsa yana cikin ruwa. (Kada yaro ya ɗauka «-est» ɗin ƙarshen Everest ɗafa-ƙeya ce. Sunan wani Bature ne mai safiyo, George Everest.)

A fagen talla ne wannan tambaya take taɓa aljihun magidanci. Hukumar sa ido kan tallace-tallace ta Birtaniya, wadda aka kafa a 1962, tana bambanta iri biyu. In ɗan kasuwa ya ce kayansa «best-selling» ne ko «cheapest», wato ya fi ciniki ko ya fi araha, magana ce da ake iya aunawa, dole ya riƙe hujja a hannu. In kuwa yabo ne na ɗanɗano da ra'ayi, wanda ba mai hankalin da zai ɗauke shi a matsayin awo, ana ƙyale shi, kuma lauyoyin Ingila da Amurka suna kiran irinsa «puffery», wato hura iska. Kayan da ke shigowa kasuwannin Maradi da Damagaram da Birnin Ƙonni daga Najeriya da rubutun Ingilishi suke zuwa, kuma «best» da «finest» da «strongest» sun cika kwalayen sabulu da madara da man shafawa. Uwargida da ɗanta ya karanta mata «fastest relief» a jikin kwalin maganin ciwon kai, abin da aka ce mata shi ne ya fi saurin kawo sauƙi. Ba kasafai kwalin yake faɗin magungunan da aka gwada shi da su ba, ko wanda ya yi gwajin, kuma ita ce tambayar da ya dace a yi wa mai kemis kafin a miƙa kuɗi.