Fito a Shuɗin Nilu: abin da ya kamata fasinja ya sani

Wanda ya zauna a Mai Wurno ko ƙauyukan Hausawa na Gezira ya san bantun, wato jirgin fito mai ƙetare da mutane, dabbobi da motoci. Kogin da ake ƙetarewa, Shuɗin Nilu, yana tasowa ne daga tafkin Tana na Habasha, ya haɗu da Farin Nilu a Khartoum.

A wannan mahaɗa tsibirin Tuti yake, mai gonakin kayan lambu. Kafin a kammala gadarsa a 2008, sai ta jirgin fito mazaunansa ke shiga birni. Har yau ƙauyuka da dama ba su da gada.

Haɗarin ya fi yawa a watannin Agusta da Satumba, lokacin da ruwan saman Habasha ke cika kogi, igiyar ruwa ta yi ƙarfi. A Agustan 2018 ɗalibai 22 suka nutse a jihar Kogin Nilu, a arewacin Sudan, bayan injin kwale-kwalensu ya mutu a tsakiyar ruwa.

Don haka kada a hau jirgin da lodi ya yi wa yawa, a guji fiton dare, a kuma zaunar da yara a tsakiya.