Gauraka Mai Tukkun Zinariya

A tashar Suleja yaron mota na ƙwala kira: "Gauraka! Gauraka! Saura mutum ɗaya!" Garin nan yake nufi na Ƙaramar Hukumar Tafa, a bakin hanyar Kaduna. Cikin fasinjojin da ke rige-rigen shiga, da wuya a samu wanda ya taɓa ganin mai sunan ido da ido.

Shi kuwa gauraka abin kallo ne. Tsayinsa ya kai mita ɗaya, jiki baƙi, fiffike da fari tas, kumatu fari da ja-ja, sannan ga tukku ruwan zinariya a tsaye cirko-cirko kamar bakin sabuwar tsintsiya. Yana tafe yana ƙasaita, sai ka ce hakimi ranar hawan sallah. In ya shiga ciyawa yakan buga ƙafa, fara ta tashi, ya cafke. In kuma ya ga garken Fulani sai ya bi sawun shanu, ya ari sana'ar balbela, ci da motsin wani. Da magariba ya hau bishiya ya kwana, abin da dangoginsa na Turai da Asiya ba sa iyawa, domin shi Allah ya hore masa dogon yatsan baya mai kama reshe.

Rawarsa ita ce ƙarshen burgewa: miji da mata su duƙa wa juna, su buɗe fukafukai, su yi tsalle sama. Da damina suke sheƙa a tsakiyar fadama, ƙwai biyu zuwa uku, su yi kwanci bi da bi na kusan wata guda.

An ce kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. To gidan gauraka fadama ce, kuma fadamar ta ƙafe. Farin shekarun 1970 da 1980 ya fara cinye ta, madatsun ruwan Tiga da Challawa suka rage ambaliyar da ke shayar da dausayin Haɗeja da Nguru, noman rani ya mamaye saura. Kyansa ma ya ja masa: ana kwashe 'ya'yan tun a sheƙa, a sayar wa masu hali su ajiye a tsakar gida don ado, inda da ƙyar yake haihuwa. Wannan ɗabi'a abin kunya ce, komai kyan gidan.

A farkon shekarun 1970 an ƙiyasta gauraki sama da 15,000 a Najeriya. Da masana suka taru a Kano a 1992 domin ceto shi, tuni ya yi ƙaranci, ga shi kuma shi ake kira tsuntsun ƙasa. Yau mai son ganin garkensa sai ya tsallaka iyaka, zuwa gandun dajin Waza a Kamaru ko Zakuma a Chadi, inda har yanzu kukansu ke tashin mutum da asuba.