Ina Dalmar Ta Tafi?

Masana ilmin sinadarai suna da wata ƙa'ida, wadda Bafaranshen nan Labuwaziye ya tabbatar da mizani, ya kuma rubuta a littafinsa na 1789, cewa duk abin da aka ƙona ko aka narkar, siffarsa kaɗai ke sauyawa, amma nauyinsa, muddin an tattara toka da hayaƙi an auna, ba ya raguwa ko da ƙwayar zarra. Dalilin da ya sa ke nan ake wajabta wa ɗalibi daidaita lissafin haɗuwar sinadarai. Dutsen tozali, alal misali, dalma ce haɗe da farar wuta. Idan aka gasa shi cikin iska sai a rubuta 2PbS + 3O₂ → 2PbO + 2SO₂, a ƙirga dama da hagu: dalma biyu-biyu, farar wuta biyu-biyu, oksijin shida-shida.

Mai ganin wannan mas'alar allo ce kawai, ya tambayi mutanen Anka da Bukkuyum. A 2010, sa'ad da zinariya ta yi daraja, aka riƙa kwaso dutsen ma'adini zuwa cikin gidaje a ƙauyukan Dareta da Abare da 'Yargalma, ana dakawa a turmi, ana niƙawa da injin gari, alhali dutsen cike yake da dalma. Zinariya ɗan kaɗan ce, ta tafi kasuwa. Dalma kuwa, da yake ba ta ruɓewa, sai ta kwanta a tsakar gida ta zama ƙura, inda jariri ke rarrafe yana kai hannu baki. Yara fiye da 400 suka rasu. Allah Ya jiƙansu.

Tun da babu hikimar da za ta shafe dalma daga samuwa, magani bai wuce ɗauke ta daga wuri zuwa wuri ba. Aka kankare ƙasar gidaje aka binne a rami, aka zuba sabuwa, aikin da bai isa ƙauyen Bagega ba sai 2013, jinkirin da ni dai ban ga uzurinsa ba. Likitoci Na-gari Na-kowa kuma suka ba yara maganin da ke kama dalma cikin jini, ya fitar da ita ta fitsari.

Haka hukuncin zaiba yake. Mai ƙona ta don tace zinariya yakan ce ta ƙone, alhali tururi ta zama, kuma huhunsa ne mafi kusa da wutar.