Yadda ake farfaɗo da injin motar soja ta zamanin Yaƙin Duniya na Biyu

A duk watan Yuni, lokacin bikin tunawa da saukar dakarun ƙawance a gaɓar tekun Normandi ta Faransa a 1944, akan ga jerin gwanon tsofaffin motocin soja, waɗanda masu sha'awar tarihi suka gyara da kuɗin aljihunsu.

Daga cikin waɗanda aka fi gani akwai GMC CCKW, wadda Amurka ta ƙera fiye da 560,000 tsakanin 1941 da 1945. Irinta ce ta yi yawancin jigilar mai da harsasai da abinci zuwa fagen daga a shirin Red Ball Express, wanda akasarin direbobinsa baƙaƙen fatan Amurka ne.

Injinta mai silinda shida ne, girmansa lita 4.4, kuma da fetur yake aiki. Babu kwamfuta a cikinsa, don haka bakaniken da ya san aikinsa zai iya kwance shi da kayan aiki na yau da kullum.

Sai dai injin da ya shekara hamsin a ajiye ba ya tashi cikin sauƙi. Tsatsa kan liƙe fistin da bangon silinda, kuma wanda ya yi gaggawar juya shi da ƙarfi yana iya karya ringi ko ya lanƙwasa bawul. Akan cire fulogi, a zuba gas ko wani mai marar kauri a cikin silinda, a bar shi ya jiƙa har tsawon makonni.

Abin da ya fi tayar da hankalin masu gyara shi ne tsagewar gangar jikin injin. A ƙasashe masu sanyi, ruwan da aka bari a ciki yakan daskare ya kumbura, ya tsaga ƙarfen. Walda ba ta cika riƙe irin wannan ƙarfe na zubi ba, shi ya sa ƙwararru kan huda ƙananan ramuka a kan tsagar, su ɗinke ta da ƙusoshi na musamman ba tare da wuta ba. Daga nan sai a rarake silindar da ta cinye, a sa mata fistin da ya ɗan fi na asali girma.

Shi ma fetur ya sauya. Wanda ake sayarwa a gidajen mai na Birtaniya tun daga 2021 yana ɗauke da sinadarin etanol har kashi goma cikin ɗari, wanda ke cinye tsofaffin robobi, ya kuma jawo danshi cikin tanki. Dole ne a sauya bututan mai da robobin famfo da irin na zamani.

Akwai kuma saɓani tsakanin masu wannan sha'awa. Motar ba ta wuce gudun kilomita 72 a sa'a, kuma lita ɗaya ba ta kai ta fiye da kilomita uku da ɗoriya. Saboda haka wasu kan cire injin su sa na dizal, ko su mayar da wutarta daga bolt shida zuwa 12. Wasu kuwa na ganin hakan ya raba motar da tarihinta, yana kuma rage mata daraja a kasuwa.

Abin da ke taimaka wa masu son na asali shi ne, rundunonin Turai, ciki har da ta Faransa, sun ci gaba da amfani da motar shekaru da dama bayan yaƙin. Har yanzu akan samu kayan gyaranta da ba a taɓa amfani da su ba, naɗe cikin giris da takardar da aka rufe su da ita tun wancan zamani.