HITILA BISA RUFIN MOTA: ANFANINTA DA HAƊARINTA

Duk wanda ya tsaya bakin hanyar Doso ko ta Hilinge bayan magariba zai ga motoci suna hita daga birnin Yamai da jerin hitilu bisa rufinsu. Yawancinsu motocin daji ne, waɗanda ake kira kat-kat, irin su Toyota Land Cruiser da Hilux. Cikinsu akwai na ɗaukar marasa lahiya, akwai na ma'aikatan dabbobi da na gandun daji, akwai kuma na ƴan kasuwa masu cin kasuwannin ƙauye, kamar ta Baleyara da ke ci ran Lahadi. Ba daga kamfani motocin suka hito da waɗannan hitilu ba. A gari ake saka masu, wajen masu gyaran wutar mota da masu walda. Wani aikin an yi shi da kyau, wani ko sai addu'a.

Wannan magana ta shahi mutanen karkara ƙwarai. Su ne motar ke ɗauka in haihuwa ta zo da gardama tsakar dare, su ne kuma ke bisa amalanke sa'ad da hasken ya buge masu ido.

Jama'a da yawa sun fara ganin mota mai hitilu barkatai lokacin tseren motoci na Paris zuwa Dakar. Tseren farko ya taso daga Faransa ƙarshen shekarar 1978, ya ratso Agadas da Yamai cikin watan Janairu na 1979. Shekaru da dama motocin suna bi ta Tenere, har 2000 da aka kwashe su cikin jiragen sama daga Yamai zuwa Libiya saboda barazanar tsaro. Tseren ya bar Afirka, tun 2020 a Saudiyya ake yin shi, amma sha'awar hitilun ta zauna. A wancan zamani ƙwan hitilar mai zahi ne, mai shan wuta. Yau kasuwa ta cika da irin wadda ake kira LED, doguwa kamar sanda, yawanci ƙirar ƙasar Sin. Ta hi arha, ta hi haske, shi ya sa kowa ke son ɗorawa.

ABIN DA KE SA A ƘARA HITILA

Ƙaramar wutar mota, wadda direbobi ke kira kod, ba ta nuna abin da ya wuce mita 40 ko 50. Motar da ke gudun kilomita 80 a awa tana cin mita 22 cikin daƙiƙa guda. Kahin direba ya ga jaki, ya ɗaga ƙafa, ya taka birki, rabin hilin ya ƙare. Bisa burji ko rairayi kuwa taya ba ta kama ƙasa kamar bisa kwalta. A daji babu farin layi, babu alama. Akwai kwazazzabo da ruwan damina ya ci, akwai kututture, akwai garken shanu kwance tsakiyar hanya. Hitilar da ke sama tana haye ciyawa da ƙananan tuddai, ta nuna gehe da gehe. Ga direban da ke neman hanyar wani ƙauye da mai naƙuda bayan mota, wannan ba ƙaramin taimako ba ne.

Amma akwai abin da mai saida hitila ba ya faɗi. Hasken da ya hito daga saman idon direba yana shahe inuwa. Rami kuwa da inuwarshi ake gane shi. Saboda haka hanya mai ramuka sai ta yi kamar shimhiɗaɗɗiya, direba ya saki jiki. Na biyu, lokacin hunturu, in hazo ya sauka, ko in ana bin ƙurar wata mota, hasken sama yana dawowa cikin ido kamar an rataya farin zane gaban gilashi. A irin wannan hali sai a kashe ta, a yi aiki da hitilun ƙasa.

LISSAHIN WUTA KAHIN A SAYA

Yawancin ƙananan motoci batirinsu volt 12 ne. Manyan motoci da waɗansu tsohin Land Cruiser masu shan gazuwal volt 24 ne. Wannan shi ne abin farko da za a duba, don ƙwan volt 12 bisa volt 24 nan take yake ƙonewa.

Lissahin ba wuya. A raba wat na hitila da volt na batir, abin da ya hito shi ne amper ɗin da take ja. Tsohuwar hitila mai wat 100 tana jan amper 8 da ɗoriya. Guda huɗu, amper 33 ke nan. Sandar LED mai wat 120 tana jan amper 10 kawai. Injin cajin batir na tsohuwar mota ba ya ba da abin da ya hi amper 60 ko 70, kuma hitilun asali da fanka da sauran kaya duk daga nan suke sha. In mota na tahiya sannu cikin rairayi, caji yana raguwa, batir ne ke biyan bashin. Wanda ya kashe inji ya bar hitilu huɗu kunne don a ci tuwo, da wuya motar ta tashi bayan awa guda. A Yamai sai a tura. A daji wa zai tura?

Kar a yarda da lambar da ke jikin kwali. Sau da yawa ana rubuta wat ɗin da hitila ba ta kai ba. Mai gyaran kirki yana auna ta da na'ura bisa batir kahin ya zaɓi waya.

INDA AKE ƊAURA TA

Huda rufin mota shi ne hanya mai sauƙi, shi ne kuma mai nadama. Damina na zuwa ruwa ya bi ramin, tsatsa ta kama. Abin da ya hi kyau shi ne a ɗaura hitilar jikin ƙarhen ɗaukar kaya, ko a sa masu walda, irin na kasuwar Katako, su yi mata ƙafahu masu kama bakin magudanar rufi. Ƙarhen ya zama mai kauri. Gargada tana girgiza mota sa'o'i, siririn ƙarhe kuwa tsagewa yake daidai wurin walda. A sa roba tsakanin ƙarhe da ƙarhe, a yi aiki da noti mai kulle kanshi, a kuma sake ɗaure su bayan tahiyar farko.

Kar a kawo hitilar bakin gilashin gaba. In ta leƙo, haskenta yana zuba bisa murhin inji da gilashi, ya dawo ma direba. Sai a ja ta baya kaɗan yadda leɓen rufi zai tare hasken. Ana gwada wannan da dare, direba na zaune wurinshi. A tuna kuma mota ta ƙara tsawo. Reshen gawo ko na bagaruwa ya sha tsinke hitilar da aka kashe ma kuɗi da yawa.

HAƊA WAYA

Nan ne ake yawan ɓarna. Waɗansu suna jawo wuta daga wayar hitilar asali, su naɗe da leda. Wayar ba a yi ta don wannan kaya ba. Sai ta yi zahi, robarta ta narke, wuta ta kama bayan sitiyari. Mota da jarkokin mai bisa rufi, kowa ya san abin da zai biyo.

Ga yadda masu sanin aikin ke yi. Da farko a cire kan batir na mas, watau mai alamar ragewa. A jawo sabuwar waya daga ɗaya kan batir, a sa huzibil kusa da batirin, kar ya wuce taƙi guda. Huzibil shi ne mai gadin waya: in ta goge ta taɓa ƙarhe, shi ke ƙonewa maimakon mota. Hitilar amper 10 tana son huzibil na 15 da waya mai kaurin milimita 2,5. Hitilu biyu masu wat 100 suna son huzibil na 25 da waya mai milimita 4, don hanyar zuwa rufi doguwa ce. In huɗu ne a raba su biyu-biyu, kowane kashi da nashi huzibil. Wanda huzibil ɗinshi ya ƙone ya maye shi da zaren waya ko takardar sigari, ya kori mai gadi ne.

Daga huzibil waya ta shiga rele. Rele ɗan akwati ne mai ƙafa huɗu ko biyar, da lamba jikin kowace. Lamba 30 ke karɓar wuta daga batir, 87 ke kai ta ga hitila, 85 da 86 su ne na makunni. Anfaninshi shi ne babbar wuta ba ta shiga cikin mota, ƴar ƙarama ce kawai ke bi ta hannun direba. Dabarar da ta hi kowace ita ce a ɗauko wutar makunnin daga wayar babbar hitila, wadda ake kira far. Ta haka da direba ya koma kod, hitilar rufi ta mutu da kanta, ba sai ya laluba ba. Duk inda waya ta ratsa ƙarhe a sa mata zoben roba, a nisanta ta da bututun hayaƙi, a ɗaure ta kar ta yi lilo. Wayar mas a kankare fenti a ɗaure ta bisa ƙarhe mai tsabta.

Bayan haka sai saiti. A tsaida mota a hili mai daidai, nesa da bango, a karkata hitilar har haskenta ya faɗi bisa hanya, ba bisa kan itatuwa ba.

HAƘƘIN SAURAN MASU HANYA

Yarjejeniyar ƙasashen duniya ta 1968 bisa tahiyar motoci ta ce direba ya rage wuta in zai gamu da wani, ko in yana bin bayan wani. Hitilar rufi ta daji ce. Cikin gari, ko bisa babbar hanya mai lamba 1 da ta tashi daga Yamai ta bi Doso, Dogon Dutsi, Birnin Ƙonni, Maraɗi da Damagaram, ba wurinta ba ne matuƙar akwai mai zuwa. Wanda irin wannan haske ya buga yana yin daƙiƙoƙi bai gani, motarshi kuwa ba ta tsaya ba. Mai babur yana iya faɗawa rami. Jaki yana tsayawa cik tsakiyar kwalta. Kahin a ɗora, mai mota ya tambayi jandarmomi ko hukumar kiyaye haɗarin hanya, ANISER, abin da doka ta yarda da shi. A yankunan da aka kafa dokar ta-ɓaci, kamar Difa tun 2015 da sassan Tilaberi da Tawa tun 2017, a nemi labari wajen hukuma kahin tahiyar dare, don haske irin wannan daga nesa ƙwarai ake hango shi.

Wajen Kure, kilomita 60 daga Yamai, raƙuman dawa suna tsallaka kwalta. Su ne suka rage a duk Afirka ta Yamma. A 1996 guda 49 aka ƙidaya. Da kulawar hukuma da haƙurin manoman wurin, suka haye 600, har a 2018 aka ɗauki 8 aka kai gandun Gadabeji. Hitila mai ƙarhi tana taimakon direba ya hango su, in dai bai mai da ita dalilin ƙara gudu ba.

Akwai kuma masu ɗora hitila don farauta. Barewa in haske ya kama idonta sai ta daskare, a harbe ta. Doka mai lamba 98-07 ta ranar 29 ga Afrilu 1998 ta hana farautar dare da hitila, ta hana farauta cikin mota. Ma'aikatan gandun daji suna da ikon kama mai yi.

Masu amalanke su ma da nasu. Ɗan ƙyalle mai ƙyalli, ko jan madubin tsohuwar mota, in aka kafa shi bayan amalanke, direba zai hango shi tun daga nesa ko da ƙaramar wuta. Ana samun shi wajen masu saida kayan babur, kuma ƙusa biyu sun isa.