Fayil ɗaya, kwamfuta 250: Yadda ake ɗora Windows ba tare da zaman jira ba

Tun 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarabawarta kacokan kan kwamfuta, kuma cibiya guda kan ɗauki ɗalibai 250 a zama ɗaya. To, wa zai bi kwamfutocin nan ɗaya bayan ɗaya yana ɗora musu Windows?

A nan fayil ɗin amsoshi ke da rana. Yayin ɗora babbar manhaja, kwamfuta kan tambayi harshe, lokacin yanki, sunan mai amfani da yadda za a raba faifan ajiya. Injiniya kan rubuta amsoshin sau ɗaya tak. Windows na neman su a fayil mai suna autounattend.xml cikin filashi. A ɓangaren Linux, Red Hat na da Kickstart, Debian kuma preseed. Idan aka haɗa da tsarin PXE, kwamfutocin da kansu za su jawo komai ta wayar sadarwa.

Sai dai wake ɗaya ke ɓata gari. Layi guda da ya nuna faifan da ba shi ba zai shafe bayanai a kowace kwamfuta, kuma kalmar sirrin da aka rubuta a fayil ɗin na iya faɗawa hannun ɓata-gari. Shi ya sa ƙwararru ke fara gwadawa a kan kwamfuta ɗaya kafin su sakar wa sauran.